Almakashi da Hoton 'Ya'yan Inna

Tun yana aji huɗu aka laƙaba masa Almakashi. Masu ganinsa yanzu suna zaton saboda ƙafafunsa ne, dogaye sirara masu harɗewa in yana sauri, amma asalin sunan daga hoton aji ya fito. A shekarar shi ya zo na ƙarshe a jarrabawa, don haka aka tsayar da shi can ƙarshen layin baya, yaron da ya zo na ɗaya kuwa aka zaunar da shi a gaba kusa da hedimasta. Da aka raba hotunan, sai ya ari almakashin yayarsa, ya yanko kansa daga cikin hoton, ya yanko kan na ɗayan, ya musanya su, ya manne da gam. Ya kai wa Innarsu yana mata bayanin cewa masu ƙoƙari ne ake ajiyewa kusa da hedimasta.

Inna ta kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa.

"Yaushe ka samu takalmi mai igiya?" ta tambaye shi.

Ya dubi silifas ɗin da ke ƙafarsa.

"Ƙarya ce," in ji ta, tana juya hoton. "Amma ka iya yanka."

Rabin maganar na ƙarshe ya ɗauka ya gina rayuwarsa a kai. Rabin farkon kuwa Inna ta riƙe abinta, shekara arba'in ba ta sake shi ba.

Shagon hotonsa yana tsakanin na mai aski da na mai gyaran waya, ɗaki ɗaya ne da aka raba biyu da labule. A gaba akwai benci da madubi, da matajin da aka ɗaure da zare don kada ya bi baƙo gida. A baya akwai shuɗin ƙyallen da ake tsayawa a gabansa, da kujerar roba mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, da fankar da ba ta juyawa sai hagu. Shekara goma ya yi yana aiki da almakashi na gaskiya da reza da gam kafin kwamfuta ta shigo shagon. Ranar da aka nuna masa yadda ake zaɓar abu a cikin hoto ya manta da abincin rana, kuma matarsa tana nan a kan bakanta cewa tun daga ranar bai ƙara dawowa gida gaba ɗayansa ba.

Aikin ba wani ɓoyayyen asiri ba ne, hannu dai yake so da haƙuri. Kafin ka taɓa komai a hoto sai ka fara nuna wa kwamfuta abin da kake nufi. Za ka bi gefen abin da maus, a hankali, kana shata masa layi har ka dawo inda ka faro. Da ka rufe layin sai ya fara motsi, ɗigo-ɗigo baƙi da fari, kamar tururuwa na bin gefen faranti. Shi ma Almakashi tururuwa yake ce musu. Duk abin da ke cikin tururuwa ya zama naka: ka matsar da shi, ka ƙara masa girma, ka kwafe shi ka manna a wani hoton, ko ka goge shi kamar ba a taɓa halittarsa ba. Abin da ke wajen layin kuwa, ko za ka yini kana danne-danne, kwamfuta ba ta san da zamansa ba. Almakashi yana iya bin gefen gashin baki sili-sili, harshensa a waje, ba ya jin kira, ba ya jin sallama.

Abin da ya fitar da sunansa a unguwa kwat ce. Wani lauya ya taɓa zuwa ɗaukar hoton fasfo cikin baƙar kwat da farar riga da jan taye, biro ɗaya a soke a aljihun ƙirji. Almakashi ya ga kwat ta yi kyau, ya shata mata layi, ya kwafe ta ya adana. Daga nan duk wanda ya zo ɗaukar hoton neman aiki da koɗaɗɗiyar riga sai ya fita da kwat. Makaniki ya sa ta, mai wanki da guga ya sa ta, ɗalibai sun sa ta, wani tsoho da ya zo hoton takardun fansho ya sa ta har yana tambayar ko za a bar masa ya je da ita gida. Sai da magatakardan wani ofishi ya aiko a tambaya, shin mutanen unguwar nan 'yan ƙungiya ɗaya ne, don ya jera hotuna goma sha bakwai a tebur, kowa da jan taye, kowa da biro a wuri ɗaya. Ƙarshen abin, lauyan da kansa ya kai takardunsa wani wuri, aka dubi hoton aka dube shi, aka ce ashe shi ma kwat ɗin unguwa ya ara. Wata uku ba ya amsa gaisuwar Almakashi.

Kuskurensa da aka fi tunawa kuwa hancin mahauci ne. Mahaucin yana son hotonsa a jikin allon shago, riƙe da wuƙa. Akwai ƙurji a hancinsa, saboda haka Almakashi ya shata wa hancin layi ya share ƙurjin. Ana cikin haka mai aski ya leƙo da musun ƙwallo, aka kwashe rabin awa ana fafatawa, ya dawo ya manta bai sallami tururuwa ba. Ya gangara ƙasan hoton yana duba wuƙar, hancin yana can sama inda ba a gani. Mahauci ya ce hoton ya yi duhu, a ƙara haske. Almakashi ya danna, wuƙa ba ta canza ba. Ya sake dannawa, shiru. Ya danna sau bakwai yana zagin kwamfutar da wanda ya sayar masa da ita. Mahauci ya ce to a bar hasken, a ƙara masa girma dai ya cika allo. Nan ma aka danna, aka danna, babu abin da ya motsa. Da yake mai buga allon yana tsaye da babur a waje yana ta matsa oda, haka aka tura masa aikin ba a sake dubawa ba.

Washegari unguwa ta wayi gari da hanci. Ya kai girman fuskar, yana ƙyalli, mahaucin yana leƙowa ta bayansa da wuƙa. Da farko mutumin ya zo shago da ainihin wuƙar yana neman bayani. Amma kafin mako ya zagayo mutane sun fara zuwa daga wasu unguwanni kallon allon, kuma mutum ba ya zuwa har bakin teburin mahauci ya koma hannu rabbana. Da Almakashi ya je da sabon hoto gyararre, kyauta, mahauci ya ce kada wanda ya taɓa masa hanci. Har yau allon yana nan, kuma Almakashi ta bayan layi yake bi in zai je kasuwa. Tun lokacin ya rubuta a takarda ya manna a saman kwamfutar: ka sallami tururuwa kafin ka tashi.

Sana'ar ta bi shi har gida. In abu ya tsaya masa a rai, sai ka ga yatsansa yana bin gefen abin a iska, shi bai ma sani ba. Ƙanin matarsa ya taɓa zuwa kwana uku ya yi wata huɗu, yana kwance a doguwar kujera da rimot a ƙirji. Wata rana matar ta fito daga kicin ta tarar da maigidan ya lumshe ido ɗaya, yatsansa yana tafiya a hankali.

"Malam, me kake yi wa ƙanina?"

"Ƙuda nake kora."

"Ƙudan ne ya bi ta bayan kunnensa, ya sauko kafaɗa, ya zagaye tumbinsa?"

Ya mayar da hannun aljihu. Saura ƙafa ɗaya ya rufe layin.

Duk wannan suna da ya yi, mutum ɗaya ce ba ta taɓa sakar masa fuska a kan aikin ba. Inna ba ta taɓa zama a kujerar robar nan ba. In tana buƙatar hoton fasfo, mota take shiga ta tafi wani shago can ƙarshen gari, wajen wani mai hoto da hotunansa ke fita kamar an ɗauka cikin hayaƙi. Ta ce can ba sa gyara mutum, yadda ka je haka za ka dawo. 'Yan'uwansa suna mayar da abin raha, shi ma yana taya su dariya, amma abin yana masa ciwo sosai. Mutum ya haura hamsin, ya aurar da 'ya, ya sa wa rabin unguwa kwat, amma uwarsa ba ta da ko hoto ɗaya na hannunsa a bangonta.

Shi ya sa ranar da ta aika a kira shi, ta ce ya taho da kyamararsa, sai da ya sa ɗan aiken ya maimaita. Lokacin gwiwoyi sun matsa mata, ta bar tsohon gidan ta koma ɗaki ɗaya a gidan babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya.

"Zauna," in ji Inna. "Hoto nake so. Ku huɗu a wuri ɗaya, ni a tsakiya. Na gaji da jiran ku haɗu."

Tana da gaskiya. Wansa direban babbar mota ne, in ka ji shi a gabas yau, gobe yana yamma. Auta yana aiki a wata ƙasa mai nisa, shekara shida bai zo ba. Yaya da Direba kuwa shekara biyu ba sa magana, a kan kular abinci da matar Direba ta ara ta mayar babu murfi. Manyan mutane masu jikoki, a kan murfi.

"Tun da sana'arka haɗa abin da bai haɗu ba ce, haɗa min 'ya'yana," ta ce. "In ya yi, in rataye shi nan saitin gadona. In bai yi ba, in tura shi ƙarƙashin katifa wajen ɗan'uwansa na aji huɗu."

"Inna, yana nan har yanzu?"

"Ina zai je? Ɗauke ni. Kuma ni kada ka taɓa min komai."

Ta gyara zama a kujerarta, ta haɗe rai, ya ɗauke ta. Sau uku ya ɗauka kafin ya gamsu.

Daga nan fitina ta fara, domin kowa ya ji labari. Yaya ta turo hotuna goma sha ɗaya, ta ce ya zaɓi fuska daga wannan, ɗankwali daga wancan, ya rage mata shekara goma, kuma ko da wasa kada ya tsayar da ita kusa da mai murfi. Direba ya turo hoto ɗaya, yana jingine da motarsa, ya ce a mayar masa da gashinsa, a kuma tabbatar ya fi kowa tsawo tunda shi ne babban namiji. Da Almakashi ya shata masa layi ya ɗauke shi daga jikin motar, sai ga mutum a karkace, gwiwar hannunsa a maƙale a iska, yana jingine da babu. Ya gwada ɗora gwiwar a kafaɗar Yaya, ta zauna daram kamar don wurin aka yi ta. Ya yi dariya shi kaɗai har da tari, sannan ya tuna halin Yaya, ya janye Direba ya jingina shi da bayan kujerar Inna.

Auta ya fi kowa ba shi wahala. Ya turo hoton da ya ɗauki kansa, rabin goshi babu, ga baƙin tabarau, ga hular sanyi har gira. Aka ce ya sake, ya turo wani daga ƙasa, haɓa uku da ramukan hanci. A ƙarshe ya ce shi fa ya yi ƙiba, a nemo tsohon hotonsa na ranar da ya gama karatu a yi amfani da shi. Yaya ta zaro shi daga albam ɗinta, hoton shekara goma sha biyar da suka wuce, Auta siriri cikin doguwar rigar kammala karatu, yana tsaye a gefe, abokai sun cika bayansa.

Shi kansa Almakashi, wanzami ba ya son jarfa, aka nemi hotonsa ko ɗaya aka rasa. Mai aski ne ya ɗauke shi, hoton ya fito a karkace, rigarsa duk gumi. Ya miƙar da kansa, ya dubi rigar, ya dubi ƙofa, sannan ya buɗe inda kwat take.

Kwana tara ya yi a kan hoton. Ya cire wa Yaya layukan goshi, ta kira ta ce saura na gefen baki. Ya dasa wa Direba gashin wani ɗalibi. Ya ja shi sama, ya ga ƙafafun sun bar ƙasa, ya ƙara musu tsawo. Ya daidaita hasken kowa, ya yi wa kowa inuwa a ƙarƙashin ƙafa don kada su zama kamar suna shawagi. Auta ya bari a ƙarshe, kuma a ranar Yaya ta kira sau tara a kan launin ɗankwali. Yana riƙe da waya a kunne, maimakon ya bi gefen Auta da hannu kamar yadda ya saba, sai ya danna abin nan da ke zaɓo mutum da kansa, ya ɗauko shi, ya ajiye shi a ƙarshen layi ta dama, ya koma kan ɗankwali. Aka wanko hoton babba, aka sa shi a firam.

Ranar Asabar da hantsi ya kai shi, a naɗe cikin zanin matarsa, kwamfutarsa ta hannu a jaka kamar kullum. Yaya ta karɓa ta jingina a kan tebur, ta ja baya tana murmushi, don ta ga kanta. Inna ta sa tabarau, ta sa aka matso mata da teburin.

Almakashi yana tsaye, ƙafafunsa sun harɗe.

"Wannan ni ce," ta ce, ta ɗora yatsa a tsakiya. "Na gane kaina. Wannan yarinyar fa, 'yar gidan wa ce?"

"Haba Inna, ni ce mana," in ji Yaya.

"Ke? To ai na haifi wadda ta girme ta." Yatsan ya matsa. "Wannan dogon mai suma fa? Nawa ɗan tun yana shekara talatin kansa ke ƙyalli. Kuma ban haifi mai tsawon ƙofa ba." Yatsan ya sake matsawa, ya tsaya a kan jan taye. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Har kai ma?"

Garin neman gira ya rasa ido, kuma ya sani. Kwana tara, da shekara arba'in a bayansu, duk suna shirin shiga ƙarƙashin katifa.

Inna ta kai kan Auta. Ta matso da fuskarta har tabarau ya kusa taɓa gilashin.

Almakashi ya bi idonta. A kafaɗar Auta, ta ɓangaren da babu kowa a tsaye, akwai hannu. Yatsu huɗu, sun riƙe kafaɗar gam, babu damtse, babu mai shi. Daga tsohon hoton ya biyo Auta, kwamfuta ta ɗauka jikinsa ne ta haɗa da shi.

"Innalillahi," in ji Yaya. "Hannun wa ka liƙa wa yaro?"

"Kuskure ne," ya ce, yana kiciniyar zuge jaka. "Yanzu zan goge shi, minti ɗaya, in sake wankowa yau ɗin nan."

Ya buɗe kwamfutar a kan tebur, ya kawo hoton, ya kai hannu kan maus. Inna ta buge masa hannu, bugu na gaske, irin na da.

"Goge me? Duk hoton nan, in ka cire ni, wannan kaɗai na sani." Ta nuna. "Buɗe idonka. Yatsa na biyu."

Ya ƙara girman wurin. Yatsa na biyu guntu ne, babu farce, zarto ya tafi da kan yatsan tun kafin a haife su. Hannun Babansu ne, kafinta, wanda ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Sai ranar ta dawo masa, domin shi da kansa ya ɗauki hoton. Ya yi ta roƙon Baba ya shigo, Baba ya ce shi ba ya tsayawa kamar gunki ana ƙirga masa ɗaya biyu uku. Ya tsaya a gefe, wajen hoton, amma da ya ga Auta ya langaɓe sai ya miƙo hannu ya cafki kafaɗarsa ya ce ya tsaya kamar mutum. A daidai lokacin Almakashi ya danna.

Yaya ta zauna a bakin gado, ta daina maganar ɗankwali.

"Ja kujera," in ji Inna. "Yau zan ga yadda ake ƙaryar nan da idona. Fara da mayar wa wannan shekarunta."

Ya mayar wa Yaya layukan goshinta, tana kallo, tana haɗiyar magana. Ya shata wa gashin Direba layi, Inna ta ga tururuwa sun kewaye kan, ta kai gefen mayafi za ta kaɗe su daga gilashin. Ya danna, sanƙo ya dawo, ta ce yauwa, sannu da zuwa. Ya rage masa tsawo. Ya tuɓe kwat, ya tsaya cikin rigarsa mai gumi. Da ta ga gwiwar hannun Direba a bayan kujerarta, ta tambaya ko za a iya ɗaga shi daga nan, yana danne mata wuya. Almakashi ya ce wuri ɗaya ne kawai gwiwar ke zama daidai.

"Kai shi can."

"Inna," in ji Yaya.

"Ya jingina da ke. Ki riƙe shi har ya kawo murfin."

Saura hannun. Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Shi ma yana ɗaguwa?"

"Yana ɗaguwa, Inna."

"To ɗauko shi. Auta ya girma, ya iya tsayuwa."

Wannan karon bai yarda kwamfuta ta zaɓar masa ba. Ya sunkuya, harshe a waje, ya bi gefen yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya bi gindin guntun yatsan a hankali, ya zagayo ya rufe layin. Ya ɗaga hannun daga kafaɗar Auta, ya cike gurbin da launin rigar, ya jawo shi ta gaban Direba da Yaya, ya kawo shi tsakiya.

"Ba wannan kafaɗar ba. Ta hagu, nan yake tsayawa. Sama kaɗan. Ka yi yawa, ba wuyana zai shaƙe ba. Sauko. Tsaya nan."

Ya tsaya. Yatsu huɗu suka zauna a kan mayafinta, a kafaɗar hagu. Ya yi musu 'yar inuwa a ƙarƙashi, sai hannun ya yi nauyi, kamar mai shi yana tsaye a bayan kujera ya ƙi sunkuyowa.

"In daidaita yatsan?" ya tambaya, don hali zanen dutse ne.

"Ka taɓa yatsan nan, ni da kai ne."

Ta cire tabarau ta goge da gefen zani, ta mayar, ta sake dubawa.

"Shekara arba'in da shida ina roƙon mutumin nan ya tsaya kusa da ni a ɗauke mu," ta ce. "Ko sau ɗaya bai yarda ba. Kai ka kawo shi cikin minti biyu, bai ko yi musu ba."

Almakashi ya ce hasken kwamfutar ne ke sa masa ruwan ido. Babu wanda ya tambaye shi.

"Wanko min wannan," in ji Inna. "Babba, ya fi wancan. Kuma sunan shagon nan naka da kake bugawa a bayan hoto, ni a gaba nake son nawa, daga ƙasa, inda mutum zai karanta ba sai ya juya ba."

Ta juya wajen Yaya ta ce ta je maƙwabta ta aro guduma da ƙusa tun yanzu.